Uwar Zanen Malam Barau

Duk wanda ya tsaya a bakin shagona, inji yake kallo. Ya ga siririn zarto yana hawa yana sauka, katako yana juyawa a hannuna, fulawar ado tana fitowa, sai ya ce ai wannan ko shi zai iya, layi ne kawai ake bi. Gaskiya ne, layi ake bi. Amma wa ya ɗora layin a kan katakon? Ku samarin da kuke zuwa mini da waya a hannu kuna nuna mini zanen da kuka gani a intanet, ban taɓa jin ɗayanku ya yi wannan tambayar ba. To ku gyara zama. Yanka shi ne ƙarshen aikin, kuma shi ne mai sauƙin.

Ni a hannun Malam Barau na koya, a wata rumfa bayan kasuwa, nan cikin Birnin Gwari. Gajeren mutum ne, ba ya yabo, ba ya kuma zagi. In ka yi daidai ya ba ka wani aikin, in ka ɓata ya ajiye maka abin a gabanka ya koma wurin zamansa, ka yi ta kallon ɓarnarka har ta ishe ka. Injinsa ƙafar tsohon keken ɗinki ce ya ɗaura wa zarto, da ƙafa ake takawa. Na daɗe a rumfar nan ban taɓa shi ba. Aikina dama koko da huda takarda, har na fara tunanin ko mahaifina ya yi kuskuren rumfa ne ya kai ni wurin mai sayar da kunu.

Kokon nan na garin rogo ne, shi ake liƙa takardar zane da shi a jikin katako. In ya yi ruwa, takarda ta jiƙe ta miƙe, da'irarka ta koma ƙwai. In ya yi kauri, ya bar gudaji a ƙarƙashi, zarto ya zo wurin ya ɗaga takardar, layi ya ɓace maka ana tsakiyar kwana. Daga tsakiya ake shafawa zuwa gefe, da tafin hannu, a kori iska. A inuwa ake shanyawa, don rana tana sa takarda ta tattare. In an gama yanka a shafa jiƙaƙƙen tsumma, ragowar takardar ta saki, a bar katako ya sha iska kafin a goge shi da samfefa. Masu sauri yanzu gam suke zubawa. Gam kuwa in ya kama, sai ka kankare fuskar katakon kafin ya fita, banish, man ƙyallin katako, ya hau ya yi dabbare-dabbare.

Hanya ta biyu ta ɗora zane a kan katako takardar kabon ce, a sa ta tsakanin zane da katako a bi layi da biro. Tana da kyau ga farin katako irin malaina da filawud. A kan madobiya ko maɗaci kuwa, da suke da duhu, sai ka yi ta ƙifta ido kana neman layin. Ta uku ita ce ta tsofaffi: a ɗora zane a kan bargo, a bi layi da basilla ana hudawa kusa da kusa, sannan a shimfiɗa shi a kan katako, a ɗauki ƙunshin garin gawayi a tsumma ana ɗan bubbugawa. In katakon mai duhu ne a sa garin alli. Da ka ɗaga takarda sai ka ga zanen ya sauka ɗigo-ɗigo, ka haɗa su da fensir tun iska ba ta rigaye ka ba. Ranar da ake wannan aikin, mai mura ba ya shiga rumfar Malam.

Kowane zane yana da uwa da 'ya'ya. Uwa ita ce takardar asali, wadda aka zana da hannu. 'Ya'ya su ne waɗanda ake kwafa daga jikinta, su ake liƙawa, zarto ya cinye su. Dokar Malam Barau guda ce, kuma ita ce kaɗai maganar da yake maimaitawa:

“Uwa ba ta shan koko. Ka liƙa uwa, ka yanka, gobe in an ce a sake, sai ka zana da me?”

Akwai wani kan gado da na yi wa wata Hajiya da za ta aurar da jikarta, bayan na buɗe shagon kaina. Ta zo da hoton gadon wata amaryar unguwarsu, ta ce irinsa take so, amma kada ya yi kama da shi, kuma ya fi shi. Mata masu kayan ɗaki duk haka suke, kuma su ne suka riƙe sana'ar nan, don haka ba na musu da su. Ta zaɓi wani zane mai ganyaye sirara, ta ce in cire duk 'yan sandunan nan da ke haɗa ganye da ganye, wai sun cika wurin. Na ce, “Hajiya, waɗannan su ne gada. In babu su ganyen ƙasa zai faɗo, rami za ki kai wa amarya.” Ta ce ita ba ta ga gada a hoton ba. Sai na ɗauki guntun filawud na yanka mata ganye ɗaya babu gada, ya faɗo a kan takalminta. Ta dube shi, ta ce, “To a bar su, amma a rage musu ƙiba.” Kafin ka liƙa kowace takarda, ka zauna da fensir ka baƙanta duk inda zai fita, ka bi abin da ya rage da yatsa ka tabbata kowane yanki yana riƙe da ɗan'uwansa. Zanen waya bai san wannan ba, don shi ba katako ba ne.

Na yanka haruffa ga wata malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, don yara su riƙa taɓawa da hannu. Na yi wa cocinsu gicciye mai ganyen inabi. Na yi allunan shaguna, da gaban kabad, da marfin akwatin lasifika. Amma aikin da na fi tunawa ba nawa ba ne, na Malam ne, ina ɗan koyo.

Taga ce ya yi wa masallacin ƙauyensu, can ta wajen Kazage, a bangon gabas, saman inda liman ke tsayawa. Sunan Allah ne a tsakiya, ganyaye sun kewaye shi. Da hantsi rana takan shigo ta cikinta ta zuba zanen a kan tabarmi. A kan takardar buhun siminti ya zana ta da hannunsa, ni na huda ta da basilla har yatsana ya yi kanta. Wannan ko 'ya bai yi mata ba, don takarda mai sunan Allah ba a liƙa ta a yanka, gutsattsarinta su zube cikin dusar katako a taka, a share a kai bola. Da alli aka sauke ta a kan falankin madobiya, aka naɗe ta aka ajiye. Da ciwon ajali ya kama shi ya raba kayan aikinsa, ni ya ba ni injin ƙafa da wannan takardar. Sauran zanukansa ruwa ya ci su a rumfa tun yana raye. Ita kaɗai ce layin hannunsa da ya rage, na sa ta a bututun roba na rataye a bangon shago.

Sai shekarun da daji ya rufe saboda 'yan bindiga. Ku kun san su, ba sai na yi muku dogon bayani ba. Mu da muke zaune a bakin daji, katako ya fi ƙarfinmu. Masu injin yankan itace suka daina shiga, wanda ya shiga ma sai addu'a. Hanyar Kaduna ta zama sai da rakiya, filawud da bakin zarto da kabon duk suka yanke. Bakin zarto in ya karye ba na yarwa, sai in rage tsawonsa in sake ɗaurawa. Aure bai tsaya ba, amma wa ke maganar kan gado mai fulawa alhali gidan ya cika da 'yan'uwa da suka gudo daga ƙauye? Katifa ake shimfiɗawa a ƙasa, a yi addu'a a watse. Na koma gyaran benci da amalanke, ina ɓalle tsofaffin ƙofofi ina yin kujerun tsuguno. Makara ma na yi, fiye da yadda nake son tunawa. Injin fulawar da Malam ya bar mini na lulluɓe shi da buhu, kaji suka riƙa yin ƙwai a ƙarƙashinsa.

Bayan abubuwa sun lafa, hanya ta buɗe, mutane suka fara komawa gonakinsu, sai ga Malam Yahuza, limamin ƙauyen su Malam Barau, ya zo shagona. Tsoho ne sosai, tare suka yi karatun allo da maigidana. Bayan mun gaisa ya kwance bakin rawaninsa ya ciro wani guntun katako da bai wuce tafin hannu ba, ganye ɗaya da rabin wani, gara ta ci bayansa.

“Ka gane wannan?”

“Na gane shi, Allah gafarta Malam.”

“Abin da muka tarar ke nan. Rufi ya rufta, ruwa da gara suka yi sauran. Mun ta da bango, mun bar ramin tagar yadda yake. Jama'a sun ce kada a toshe, kuma kada a sa wata iri. Yaran da aka haifa a gudun hijira ba su taɓa ganinta ba. An ce takardar Barau tana wurinka.”

Na ce tana nan, ya ba ni kwanaki.

Da na zare ta daga bututun sai na ga abin da ya same ta. Shekaru da zafin kwano sun gasa ta. Ina taɓa bakinta ya ɓalle a hannuna kamar busasshen ganyen kuka. Layin fensir ya ɓace, garin alli da dattin hannu da maiƙo sun rufe fuskarta, hujojin basilla kaɗai suka rage, su ma wasu sun haɗe sun zama tsaga. Kabon ba zai yiwu ba, biro zai ratsa ta. Ƙunshin alli ba zai yiwu ba, bugu ɗaya za ta watse. 'Yata Saude ta ɗauki hoton ɗan abin da ya buɗu da waya ta kai shagon kwamfuta, aka fitar mana da takarda mai duhu, babu layi babu ɗigo. Ko buɗe ta gaba ɗaya ba zai yiwu a bushe ba. Hanya ɗaya ta rage: a yi mata turiri ta yi laushi, a kwantar da ita kan koko a jikin katako, ta bushe a miƙe. Daga nan kuwa ba ta sake tashi, sai dai zarto ya bi ta kanta. Ko in riƙe takardar Malam a bututu tana ruɓewa, ko masallacinsu ya sami tagarsa. Ba za a sami duka biyun ba.

Na yi kwanaki ina kewaya maganar. Maman Saude, wadda ita ke dama mini koko tun da muka yi aure, ta gaji da ganina ina buɗe bututu ina rufewa.

“Malam, wai ajiyar nan da kake yi, wa kake yi wa? Shi da ya zana ta, don bututu ya zana?”

“Ke ba ki san dokar aiki ba.”

“Na san dai hatsin iri ma in ya daɗe a rumbu ƙwari ke cinye shi.”

Da Malam Yahuza ya dawo na faɗa masa komai, na ce abu biyu ne suka tsaya mini: dokar maigidana, da kuma sunan Allah da zarto zai ratsa, gutsattsari su zube. Ya ja carbinsa, sannan ya ce:

“Ta biyun mai sauƙi ce. Ka yi alwala, ka shimfiɗa farin ƙyalle mai tsarki a ƙarƙashin injin, duk abin da ya faɗo, takarda da dusa, ka tattara ka ƙulle. Kada tsinke ɗaya ya taɓa ƙasa. Ka kawo mana, mun san yadda ake yi da tsohuwar takarda mai alfarma. Ta farkon kuwa, tsakaninka da Barau ne. Ni dai na san shi tun muna yara, bai taɓa ajiye abin da ake bukata ba.”

Falankin madobiya na samo a wurin wani mai sayar da katako da ya ɓoye shi tun kafin daji ya rufe, ya bushe sarai. Na goge shi har ya yi sumul. Sannan na yi abin da Malam yake yi in yana son ƙofofin kabad biyu su fito iri ɗaya: na sa siririn filawud a ƙarƙashin falankin, na haɗa su da ƙananan ƙusoshi a wuraren da za a yar. Duk abin da zarto ya yi wa na sama, zai yi wa na ƙasa.

Da safe muka yi aikin, kafin iska ta tashi. Maman Saude ta ɗora tukunyar ruwa, muka riƙe naɗin takardar a saman turiri har ta saki jiki. Koko ta dama shi tsororo, ta tace da ƙyalle. Na shafa wa katakon, ba takardar ba. Ita ta riƙe naɗin, ni ina warwarewa kaɗan-kaɗan ina dannawa da tsumma. Ta yage a wurare, muka jera yagaggun da bakin allura, huji ya fuskanci huji. Da ta bushe sai na zauna a bakin ƙofa inda haske ke zuwa a kaikaice, na bi ɗigon nan da farin fensir ina haɗawa. Hujojin da na yi ne da hannuna ina yaro, har na gane inda nake gajiya, don a nan suke yin nisa da juna.

Injin lantarki ina da shi, amma ban yarda da shi a wannan aikin ba. Yana da gaggawa, in wuta ta ɗauke ta dawo kuma yakan fizga. Na yaye buhu daga kan injin Malam, na kori kaji, na sa masa mai. Kowane rami sai an huda shi, a kwance zarto a zura ta hujin, a ɗaure, a yanka, a sake kwancewa. Daga tsakiya ake farawa, tun katako yana da ƙarfinsa, don haka sunan na fara yankawa. A harafin ƙarshe akwai wata gada siririya da ke riƙe da cikinsa, nan ne takardar ta fi lalacewa, ɗigon ya ɓace gaba ɗaya. In na ci gadar nan, babu wata takarda da zan koma wa, babu wani falankin. Na tsayar da ƙafa, na ɗauko guntun da liman ya kawo, na auna kaurin gadar ganyensa da bakin farce, na sa alama daidai haka. Na taka a hankali har zarto ya fita ɗaya gefen. Gadar ta tsaya.

Sauran kwanakin yanka ne kawai. Kullum in na tashi sai in naɗe farin ƙyallen da abin da ya taru a ciki, in share teburin injin da gashin kaza a kansa. Ragowar takardar da ke jikin katako na jiƙa na kankare a cikin kwano mai tsabta, na shanya, na haɗa da sauran. Da na zare ƙusoshi, taga ta rabu biyu, ta madobiya da ta filawud. Na ɗora guntun liman a kan kusurwar dama, ya zauna a kan ganyensa kamar daga nan aka ɓalle shi.

A bayan babur muka kai ta, na rungume ta cikin bargo, ƙunshin ƙyallen yana cikin aljihun gaban rigata. Rabin gidajen ƙauyen har lokacin kango ne, ciyawa ta fi mutum tsawo a wasu. Na kafa tagar da yamma, na kwana a can. Da hantsi ya yi, rana ta shigo ta zuba zanen a kan sababbin tabarmi, yara suka taru suna sa hannu a cikin hasken. Wata tsohuwa ta leƙo ta ƙofa ta ce, “Ita ce,” ta juya ta tafi.

Malam Yahuza ya sa aka haƙa rami a gindin bangon gabas, ta waje, inda ba a bi. Ya karɓi ƙunshin ya juya shi a hannu, sai ya miƙo mini.

“Kai za ka sa. Kai ya bar wa.”

Na durƙusa na sa, aka mayar da ƙasa. Ya ɗaga hannu ya yi wa Barau addu'a da sunansa da sunan mahaifinsa, tsofaffin da suka san shi suka shafa. Ranar da aka binne Malam ban yi kuka ba, ina ta hidimar jama'a. A gindin bangon nan na yi.

Ga filawud ɗin can a rataye, shi ne uwa yanzu. Na sha ɗora shi a kan takarda in bi da fensir in fitar da 'ya'ya, layin Malam ne ke fitowa, har da inda hannunsa ya ɗan karkace a ganyen ƙasa. Wanda yake son koyo a cikinku ya zo gobe da safe, akwai garin rogo, akwai basilla. Inji sai nan gaba.

Bututun nan da kuke gani kusa da shi kuwa babu komai a ciki. Maman Saude ta ce in ba ta ta yi indararo da shi, ruwan kwano ya riƙa zuba mata a randa. Na ce ta bari tukuna. Kowace damina sai ta tambaya.